Akwatin Kumasi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kusan kowane tsohon gida akwai wani abu da magabata sunka bari. Wani gida takobi ne, wani sirdi, wani tasa ko allon karatu. Galibi abin yana can ƙuryar ɗaki, ƙura ta rufe shi, ba mai tuna shi sai ranar da ya lalace. Ga labarin wani gida a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, da yadda sunka yi da nasu.

Nasu akwati ne na katako. Tsawonshi kamu 2, faɗinshi kamu 1, tsayinshi ya kai gwiwar babban mutum. Tsohuwar gidan ba ta ce mishi akwati, adaka take cewa. Kalmar ma daga kurmi ta zo, don haka mutanen Asante ke kiran akwati da harshensu.

Marigayi mai gidan ne ya kawo shi. Ya tafi ci-rani yana saurayi, tun Turawan Ingila na mulkin ƙasar da ake kira Gwalkwas, kafin ta samu ƴanci a 1957 ta koma Gana. Samarin Adar da yawa haka sunka yi a zamanin nan, don neman kuɗin haraji da na aure. Ya sauka Zangon Kumasi. Ya fara da dako a kasuwa, daga baya ya samu shiga wurin masu ɗaurin goro. Da ya tara ƴan kuɗi, ya sa wani kafinta ya yi mishi akwati na ajiyar tufafi.

Aikin hannu ne tun daga farko har ƙarshe. Kusurwoyin huɗu ba ƙusa ko ɗaya. An yanka bakin kowane katako haƙora-haƙora, an shigar da su cikin juna kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannuwanshi biyu. Jiki da murfi an yi su da itacen da mutanen can ke kira odum, Hausawa na ce mishi loko. Itace ne mai nauyi, gara ba ta son shi. Amma gindin akwatin, inda ido ba ya gani, sai kafintan ya sa wani farin katako mara nauyi mai araha. Sunan wanga itace a Gana wawa. Ba zagi ba ne, sunanshi ke nan. Sai dai halinshi bai yi nisa da sunan ba, don ba ya iya kare kanshi daga ko wane ƙwaro.

A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba da doka: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako 2. Mutane sunka sayar da kayansu da asara, wasu sunka bar su nan. Shi ya bar gado da keke, ya ɗauki akwatin. Ya hau babbar mota ta bi da su arewa, sunka ratsa ƙasar da ake kira Burkina Faso tun 1984. Da sunka iso bakin kogi a Yamai, da jirgin fito sunka haye, don ba a gama gadar Kenedi ba sai 1970. Daga nan Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa. Sauran tafiya a bayan raƙumi akwatin ya yi ta. Da shi anka kai kayan auren matar da yau ita ce tsohuwar gidan.

Ya rasu ya bar ta da ƴaƴa maza biyu da mata uku. Matan suna gidajen aurensu. Babban yana noman gero da wake a gonar gado, ƙaramin yana noman albasa da rani, yana kai ta kasuwar Galmi. Akwatin ya zauna ɗakin tsohuwa, a ƙasa, jingine da bango.

Daminar 2024 kowa ya san yadda ta yi. Ruwa ya yi ɓarna a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe a watan Satumba. A gidan nan ma bangon gabas na ɗakin tsohuwa ya jiƙe ya zube cikin dare. Allah ya kiyaye, tana ɗakin surukarta. Kwana 2 akwatin ya yi ƙarƙashin laka. Da anka tono shi, anka ɗaga, sai gindin ya zauna a ƙasa. Ashe gara ta daɗe da cinye shi ta ciki, fatar sama kawai ta rage. Ruwa ƙarasawa ya yi. Ƙarafan da ke riƙe da murfi sun yi tsatsa, ɗaya ya karye. Kwaɗon ya ƙi buɗewa.

Ta ƙasa sunka fitar da abin da ke ciki. Zane 2 na saƙi, tasbaha, katin iyali, takardun haraji ɗaure da zare, da ƴan kwabbai masu huji na zamanin Ingilishi. Babban yana zuwa karatun manya shekara ta biyu ke nan. Shi ya zauna ya ɓamɓare takardun ɗaya bayan ɗaya, ya shanya su cikin inuwa, ya danne da tsakuwa. A jikin ɗaya ya haɗa baƙaƙe ya karanta sunan ubanshi da bakinshi. Da can sai dai ya kai wa mushen lakkwal.

Da anka gama girbi, anka zauna maganar gyaran ɗaki. Nan maganar akwati ta taso.

Ƙaramin ya ce: «Yaya, a faskara shi a hura wuta. In na sayar da albasa, ni zan saya wa Inna na ƙarfe mai fenti.»

Babban ya ce: «Kayan Baba ne.»

Ƙaramin ya ce: «Na sani. Ni dai ba na son ganin shi.»

Wanda bai san gidan ba zai ce rowa ce ko rashin kunya. Ba haka ba ne. Maganar tana da tushe, tushenta kuwa yana cikin yunwar 1984.

Manya sun tuna shekarar. Ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye, dabbobi sunka mutu. Wasu na kiran yunwar El Buhari, don a shekarar ne Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hatsin da ke shigowa daga kudu ya yi wuya. Mai gida ya tafi nema, ya bar matar da yara. Abin da gonar ta ba da bai cika rumbu ko zuwa rabi ba. Kafin a taɓa shi, matar ta zaɓi zangarniya masu kyau, ta sussuka, ta auna tiya 10. Ta kwashe tufafi daga cikin akwati, ta zuba geron, ta sa kwaɗo. Ta rataya mabuɗin a wuya.

Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Ta sayar da akuya, ta sayar da tasoshin aurenta. Sunka ci dusa, sunka ci ganyen jiga. Sunka ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacin ya fita. In an raba jar dawa ta taimako, su samu kaɗan. Duk wannan ana yi, gero yana cikin ɗaki, yara sun sani. Ƙaramin yana da shekara 7. Wata rana uwar ta tafi ɗibar ganye, ya ɗauki dutse ya yi ta dukan murfin wajen kwaɗo, har ya ɓare gefen katakon. Bai buɗe ba. Ta dawo ta same shi yana barci a kai. Ba ta buge shi ba, ba ta kuma buɗe ba.

A cikin bazarar nan ƙyanda ta shigo garin. Ɗiyar da take goyo ta kamu, jiki ba ƙarfi, ta rasu. Da ruwa ya sauka a 1985, matar ta buɗe akwati, ita da babban ɗanta sunka shuka gonar duka. Ta ba maƙwabta biyu abin da ya rage. Daminar ta yi kyau. Mai gida ya dawo ya tarar da gero ya fid da kai.

Tun ranar ba a taɓa yin maganar a gidan ba. Babban in ya dubi akwatin, gonar da ba ta kwana ba shuka yake gani. Ƙaramin kuwa kwaɗon yake gani, da ƙanwarshi. Kowane cikinsu da gaskiyarshi. Wanda ya ci ya ƙoshi yau, ba shi da bakin yanke wa matar nan hukunci. Wanda ya cinye iri da bazara ya san abin da ke jiran shi da damina: bashi, ko ƙwadago a gonar wani, tashi gonar tana kwance. Amma yaro ɗan shekara 7 ba wannan lissafin cikinshi ke yi ba.

Tsohuwa tana jin su daga bakin ɗaki. Ba ta faɗin sunan babban, don ɗan fari ne, sai ta juya wajen ƙaramin. Ta ce: «Auta na maza, matso nan. Kana tsammani ban ji dukan dutsen nan ba? Har yau ina jin shi. Dare nawa na kama mabuɗin nan na sake. In kun ƙone adaka, abin da ya faru ba ya ƙonewa. Ku gyara mini ita in gani da idona.»

Ƙaramin bai ce komai ba. Ya tashi ya tafi garka. Washegari da asuba shi ya ɗaura wa jaki amalanke.

Kafinta na farko da sunka nuna wa yaro ne mai injin. Ya ƙwanƙwasa, ya ce wahala ce. Ya ce zai yi musu sabo irin shi da katakon nan na kanti da ake mannawa falle-falle, ya shafa fenti, kwana 3 su zo su ɗauka. Ba mugunta yake nufi ba, abin da ya saba ke nan. Sunka yi godiya sunka wuce. Anka kwatanta musu wani tsoho a Madawa wanda ya koyi aikin katako a kurmi.

Tsohon ya daɗe yana shafa kusurwoyin da hannu. Ya ce: «Wanda ya yi wanga ya san aiki. Amma ya cuci ubanku a gindi.» Ya yi dariya. Sa'an nan ya ce: «Samari, ku ji sharaɗina. Abin da ya mutu za mu fitar. Abin da ke da rai ba za mu taɓa ba. Kuma ba na son gaggawa.»

Babban ya ce: «Yadda ka ce, Baba.»

Abu na farko, shanya. Katakon ya sha ruwa, har lokacin da sauran laima a cikinshi. Tsohon ya hana a sa shi rana ko a bar shi ga iskar hunturu. Katako mai laima in ya bushe da sauri, waje ya ƙanƙance ciki bai ƙanƙance ba, sai ya tsage ko ya karkace, murfi ya ƙi zama. Ya ɗora shi kan duwatsu cikin zaure, ya ɗaure jikin da igiya don kada haƙoran su saki, ya danne murfin da buhun yashi. Ya yi wata guda a haka.

Na biyu, ƙwari. Gara ta bar wurin, amma a ƙasan allon baya, inda farin ɓangaren itacen yake, akwai ƙananan huji kamar na allura. Tsohon ya shimfiɗa baƙin tsumma a ƙarƙashi ya bari ya kwana. Da safe ga garin katako sabo a kan tsumman. Alama ke nan ƙwaron yana ciki da rai. Wanga dabara ce da kowa zai iya yi a gida, ko da turmi ko da ƙotar gatari. Ya ɗiga kananzir cikin kowane huji da tsinke. Da zafin Afrilu ya zo, katako ya bushe sarai, ya naɗe akwatin cikin baƙar leda ya ajiye a rana kwana 2. Zafin da ke taruwa cikin ledar yana kashe ƙwaron da ƙwanshi. Ya sake shimfiɗa tsumma, bai ga gari ba.

Sai maganar sabon gindi. Nan ne anka fi daɗewa. Loko ba ya fitowa a ƙasarmu. Maɗaci da ƙirya sun yi ƙaranci, kuma ba a sare su sai da izinin ma'aikatan daji. Tsohon ya tambaye su: «Ba ku ce daga Majiya kuke ba? To, kuna zaune cikin bedi kuna neman katako?»

Gaskiya ya faɗa. Tun 1975 anka fara dasa layukan bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, a kwarin Majiya don tare iska. Mutanen kwarin sun dasa shi har cikin gidajensu. Bedi dangin maɗaci ne, katakonshi ja-ja ne, yana da ɗaci, ƙwari ba su cika son shi ba. Amma ɗanye ba ya yi. In an sa ɗanyen katako, zai ƙanƙance ya bar kafa, ɓera da gara su samu ƙofa. Sai ƙaramin ya tuna da wani gungume a bayan garkarshi, wanda anka sare shekara 3 da sunka wuce, yana zama a kai in ya gaji da ban ruwa. Shi ya kawo shi. Yaron nan mai injin ne ya tsaga musu shi allo 3. Kun ga shi ma ya yi rana.

Tsohon ya zare tsoffin ƙusoshi a hankali, don kada ya fasa gefen lokon. Ya fere allunan bedi, ya gwada, ya sake ferewa. Bai huda sabon wuri ba, tsoffin hujin ya bi. Ya ƙara sanduna 2 a ƙarƙashi, don gindin ya daina taɓa ƙasa. Ƙananan hujin ƙwaro ya cike su da garin katako da ya kwaɓa da ƙaro.

Ƙarafan murfi wurin maƙerin garinsu anka kai. Ya dubi wanda bai karye ba, ya ƙera ɗan'uwanshi da guntun tsohuwar galma. Kwaɗon ya jiƙa shi cikin kananzir kwana 4. Tsohuwa ta ciro mabuɗin daga wuyanta, maƙeri ya murɗa sau biyu, ya buɗe. Ya ƙi karɓar ko dala.

Wajen shafe ma an yi gardama. Matar babban tana son kore fenti, irin na akwatunan amare. Wani maƙwabci ya ce a shafa baƙin man mota, gara ba ta kusantar shi. Gaskiya ne ba ta kusanta, amma zai ɓata zane da takarda, warin kuma ba ya fita. Man gyaɗa kuwa kiran tururuwa ne. Tsohon ya wanke jikin da tsumma mai ɗan laima da sabulun salo, ya bari ya sha iska. Ya narkar da kakin zuma da ɗan man kaɗanya, ya shafa kaɗan-kaɗan, ya yi ta gogewa da tsohon rawani. Katakon da ya yi fari da ƙura ya koma ja mai duhu, layukan itacen sunka fito.

Da ya zo wajen kwaɗo, ya tsaya a kan ɓararren gefen nan. Bai san labarin ba. Ya ce zai iya yanke wurin ya dasa guntun bedi, ba mai ganewa sai ya duba da kyau. Babban ya yi shiru, ya dubi ƙanenshi. Ƙaramin ya sa babban yatsa cikin ramin, ya daɗe.

Ya ce: «Baba, bar shi. Aikina ne.»

Tsohon ya shafa kaki a wurin kamar sauran jikin, ya wuce.

Jika 9 aikin ya ci, har da kuɗin tsaga da na kaki. Sunka raba biyu. Ƴan'uwansu mata sunka aiko da jika ɗaya ɗaya, anka saya wa tsohon kafinta goro da sukari.

Kafin su ɗauka, ya yi musu gargaɗi. Kada a ajiye shi a ƙasa, a ɗora kan duwatsu 4. A bar tazarar tafin hannu tsakaninshi da bango, don gara ta bango take hawa. A barbaɗa toka a ƙarƙashi. A sa busasshen ganyen bedi a ciki, a sake shi kowace kaka. Duk wata a janye shi a share bayan, a duba ko gara ta fara gina hanyarta ta laka. Kakin kuwa sau ɗaya a shekara ya isa.

Sunka iso gida da la'asar, kafin ruwan farko na 2025. An riga an tayar da bangon ɗakin. Tsohuwa ta sa anka ajiye shi a tsakar gida. Idonta ya rage gani, da hannu ta duba. Ta bi kusurwoyi, ta bi sabon ƙarfe, ta sa kai ciki ta shaƙi ƙanshin bedi. Da hannunta ya kai ramin dutsen, ta tsaya kaɗan, sa'an nan ta ce a shigar mata da shi.

Sun shirya cewa akwatin ba na mutum ɗaya ba ne, ba za a sa shi cikin rabon gado ba. Takardun gona da na haihuwar yaran gidan duka ciki za su zauna, cikin leda, bisa zannuwan saƙi. Babban ya yago falle daga littafinshi na karatun manya. Ya yi dare 3 yana rubutu da fensir, yana gogewa. Ya rubuta sunan ubansu, da Kumasi, da 1969. Ya rubuta 1984, tiya 10. Ƙaramin ya ce a ƙara sunan ƙanwarsu da ta rasu, anka ƙara. Anka liƙa takardar a cikin murfi da ƙaro.

Mabuɗi ya koma wuyan tsohuwa. Ta ce a bar mata shi tukuna. In ta kau, su biyu su san wanda zai riƙe.